Son Kan da Ake Sayarwa a Bakin Kasuwa

Idan ka ce wa Bahaushe wane yana da son kai, to ka zagi wane. Mai son kai shi ne wanda hannunsa ke riga na kowa isa kan tsoka a kwanon da ake ci tare, shi ne wanda tun ba a gama zaman makoki ba ya fara auna gonar bakin fadama da ido. Ko karin maganar nan da ke cewa so duka so ne amma son kai ya fi, ba don yabo ake kawo ta ba. Ana faɗin ta ne da ɗan murmushi, idan aka ga mai rabo ya fara da kansa. Sai ga shi yau akwai littattafai jibgi guda da suka shigo mana, waɗanda darasinsu na farko shi ne mutum ya so kansa, kuma matasanmu na karanta su kamar ruwan sanyi a watan azumi.

Duk wanda ya ratsa wajen masu shimfiɗa littattafai a ƙasa a Yamai, ko Maraɗi, ko Damagaram, ya san su. Suna nan kwance tsakanin ƙamus na Larousse da tsofaffin littattafan shirin jarrabawa: Transformez votre vie na Louise Hay, La puissance de la pensée positive na Norman Vincent Peale, Le Secret na Rhonda Byrne, da Comment se faire des amis na Dale Carnegie wanda shi kam ya zama kamar gishiri, ba shimfiɗar da ba ya ciki. Waɗanda ke shiga Kano suna dawowa da na Turanci. Wanda ba ya da jika biyu ko uku na saye, wani zai turo masa ta WhatsApp ya karanta a salula. Masu karatun kuwa ɗalibai ne, da malaman kwantaragi masu jiran albashi, da matan aure, da zawarawa, da samarin fada da suka gama jami'a shekara uku ba aiki.

Aikina a rediyo ya haɗa da karanta wani yanki na irin waɗannan littattafai, in juya shi da Hausa, sannan a buɗe layi. Wannan juyin ne ya nuna mini abin da nake son faɗa a nan. Marubucin Amurka yana da kalma ɗaya da yake ta maimaitawa daga bango zuwa bango, mai karatu kuma yana wucewa ba tare da ya tsaya ba. Mai fassara zuwa Hausa ba ya da wannan hutun. A kowace jimla dole ya zaɓa: a nan ana nufin yarda da kai ne, ko mutunta kai, ko sanin ciwon kai, ko tausaya wa kai, ko kuwa ji da kai ne kawai aka yi wa ado? Faransanci ma yana da kalmomi biyu, kuma tun 1755 Rousseau ya raba su, ya ce son da mutum ke yi wa rayuwarsa daban, son da yake yi wa matsayinsa a idon mutane daban. Da ka fara zaɓen kalma sai ka ga ashe littafin yana canza ma'ana daga babi zuwa babi. Haja fiye da ɗaya aka zuba a buhu guda aka ɗinke bakinsa, wata magani ce, wata kuma guba.

Bari in ɗauki littafin Louise Hay, don shi ne uwar wannan fanni. Sunansa na asali You Can Heal Your Life, ya fito a 1984, ya sayu miliyoyi. Matar ba a kan gadon jin daɗi ta rubuta shi ba. Ta ba da labarin kanta a ciki: ta tashi cikin talauci a hannun mijin uwa mai duka, wani maƙwabci ya yi mata fyaɗe tana ƙarama, ta bar makaranta tana da shekara 15, ta haihu ta ba da ɗiyar ga wasu. Don haka idan ta yi magana a kan muryar nan da ke zaune a ƙirjin mutum tana ce masa shi ba kome ba ne, ta san abin da take faɗa. Babban abin da ta gano shi ne cewa yawancin zagin da babba ke yi wa kansa gado ne. Wani ne ya fara yi masa shi yana yaro, shi kuma ya hardace, har mai zagin ya mutu zagin bai mutu ba.

Duk ranar da na karanta wannan yankin, layi ba ya hutawa, kuma mata sun fi kira. Wadda aka saka sau biyu, har ta fara yarda da abin da dangin miji ke faɗa cewa farar ƙafa gare ta. Wadda shekara tara ba haihuwa, kishiya na goyon na huɗu. Saurayin da tun yana aji uku malami ya raɗa masa suna daƙiƙi, yanzu ya kusa shekara 30 in an miƙa masa takarda hannunsa na rawa. Mu al'umma ce da ta ƙware a gori, mun iya ajiye wa mutum laifin da ya yi yana ɗan shekara goma mu fito masa da shi ranar aurensa. Littafin da zai ce wa irin waɗannan mutane su tambayi kansu muryar wa suke ji in suna zagin kansu, ya yi aiki mai kyau, kuma ban ga dalilin da zai sa mai nazari ya ji kunyar faɗin haka ba.

Daga nan sai Hay ta kawo maganinta: mutum ya tsaya gaban madubi, ya kalli ƙwayar idonsa, ya riƙa gaya wa kansa cewa yana son kansa kuma ya amince da kansa, sau ɗaruruwa a rana. Dabarar tsohuwa ce. Wani mai haɗa magani Bafaranshe, Emile Coué, wanda ya rasu a 1926, shi ya yi suna da koya wa marasa lafiya maimaita jimlar samun sauƙi safe da yamma, har sunansa ya zama abin ba'a a Faransanci idan ana nufin mai yaudarar kansa. A 2009 wata malamar nazarin halayyar ɗan Adam a jami'ar Waterloo ta Kanada, Joanne Wood, ta gwada abin tare da abokan aikinta. Suka sa ɗalibai su riƙa maimaita cewa su mutane ne da suka cancanci a so su. Waɗanda dama suna ganin darajar kansu suka ɗan ƙara jin daɗi. Waɗanda ba sa ganin kansu a bakin kome, wato ainihin waɗanda aka rubuta littattafan dominsu, sai suka fito sun fi shiga damuwa. Dalilin ba ya da wuyar ganewa. Idan baki ya faɗi abin da zuciya ba ta yarda da shi ba, zuciyar za ta tashi ta kawo shaidu.

Wani mai saurare ya taɓa ce mini ai mu ma muna da kirari, mene ne bambancin? Tambaya ce mai kyau. Amma ɗan kokawa da ke kirari a filin gasar takobi ya yi watanni yana horo, kuma a gaban dubban mutane yake yi, nan da minti kaɗan ƙasa za ta gaskata shi ko ta ƙaryata shi. Kirarinsa bashi ne da zai biya nan take. Na gaban madubi ba mai bin sa.

Wannan duk da sauƙi. Inda littafin ya zama abin tsoro shi ne jadawalin da ke kusa da ƙarshensa, wanda tun 1976 ta fara buga shi a matsayin ɗan ƙaramin littafi. Shafi bayan shafi ta jero cututtuka, a gaban kowace ta rubuta irin tunanin da take ganin shi ya haddasa ta, sannan jimlar da za a riƙa maimaitawa. Ciwon daji, a wurinta, daga tsohon ƙulli da riƙon mutane a zuci yake. Ta ce ita ma ta yi shi ta warke ta hanyar yafiya da gyaran abinci, labarin da daga bakinta kaɗai ya fito. A cikin jadawalin har da sikila, wadda ta danganta da mutum ya ɗauka shi bai isa ba.

A nan nake son mai karatu ya dakata. Sikila ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Da wuya a samu unguwar da ba a san gidan da ake kwana zaune da yaro mai ciwon gaɓoɓi lokacin sanyi ba. Cuta ce ta gado: idan uwa da uba duka suna ɗauke da ƙwayar halittar, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da ciwon. An gama wannan hukuncin tun kafin jariri ya buɗe ido, balle ya yi wani tunani game da kansa. Shekaru likitoci da masu wa'azi da mu ƴan rediyo muka yi muna fama da mutane su daina cewa mayu ne ko iskoki, su je a auna jini kafin aure. Sai ga littafi mai bango mai sheƙi, da Faransanci mai kyau, ya zo ya ce wa ɗalibar da ke fama da ciwon ai tunaninta ne. Boka dai yana ɗora laifin a kan wata tsohuwa a unguwa. Wannan ya ɗora shi a kan marar lafiyar kanta, kuma da sunan koya mata ƙaunar kanta. Yarinyar da ta karanta babin farko ta sauke zargi ɗaya, ta zo ƙarshe an ɗora mata wanda ya fi shi nauyi: in ciwon ya tashi, ita ce ba ta gyara zuciyarta ba.

Rhonda Byrne, ƴar Ostireliya, ta kai wannan tunani maƙura a littafinta na 2006. Ta ce tunani kamar mayen ƙarfe yake, abin da ka sa a rai shi kake jawowa, kuɗi ne ko tsiya. Ba ta ma kauce wa tambayar da kowane mai hankali zai yi ba, wato ina batun dubban mutanen da bala'i guda ke hallakawa? Amsarta ita ce tunaninsu ya yi daidai da abin da ya same su. A karanta wannan da Hausa a gaban wanda ya ga yunwar 2005 a yankin Maraɗi, lokacin da fara da fari suka haɗu kuma farashin tiyar hatsi ya fi ƙarfin talaka. Ko a gaban mai shagon da ya ga abin da rufe iyaka da yanke wutar lantarki suka yi wa kasuwarsa bayan juyin mulkin Yulin 2023. Ni dai ban iya karanta shi a iska ba tare da na faɗi ra'ayina a kai ba.

Abin da masu sayen littattafan nan da yawa ba su lura da shi ba shi ne aƙida ce suke saye. Tushenta wata ɗariƙa ce da ta taso a Amurka a ƙarni na 19, daga koyarwar wani mai gyaran agogo, Phineas Quimby, wanda ya ce cuta kuskuren tunani ce. Hay a cocin da ya fito daga wannan reshe ta yi karatunta. Peale, wanda littafinsa ya fito a 1952, fasto ne a birnin New York. Ba laifi ba ne mutum ya rubuta abin da ya yi imani da shi. Damuwata ita ce an cire wa kayan lamba, an kawo shi kasuwa da rigar kimiyya, ana ta ambaton kuzari da maganaɗisu. Ƴar jaridar Amurka Barbara Ehrenreich, wadda ta yi ciwon dajin nono, ta rubuta littafi guda a 2009 a kan yadda aka dame ta da cewa dole ta riƙa murmushi in tana son warkewa, da yadda kamfanoni ke raba wa ma'aikatan da suka kora irin waɗannan littattafai. Ga wanda ke riƙe da madafun iko, babu koyarwar da ta kai wannan araha: wanda aka zalunta ya koma gida ya binciki tunaninsa.

Ko a ma'aunin su kansu littattafan, wato cin nasara, alƙawarin bai cika ba. Gabriele Oettingen, Bajamushiya mai koyarwa a jami'ar New York, ta yi shekaru tana bin diddigin masu mafarkin ido biyu. A ɗaya daga cikin bincikenta ta bi ɗaliban da ke gab da gama karatu. Waɗanda suka fi yawan hango kansu cikin babban aiki, bayan shekara biyu sai aka tarar su ne suka fi ƙarancin aika takardar neman aiki, suka fi ƙarancin samun tayi, albashinsu kuma ya fi ƙasa. Zuciya in ta ɗanɗana daɗin abu a mafarki sai jiki ya saki, kamar an riga an samu. Abin da ta ga yana aiki shi ne mutum ya hango abin da yake so, nan take kuma ya dubi abin da ke tare masa hanya, ya tsara yadda zai yi in ya ci karo da shi. Duk wanda ya zauna a fada ya ga ana zagaye na uku na shayi ana gina gidajen sama da baki, ya san Oettingen ba sabon abu ta gano ba, ta dai auna shi ne. Jihar Kaliforniya ma ta taɓa kafa kwamiti a 1986 bisa zaton cewa in aka ɗaga wa mutane ganin ƙimar kansu, laifuka da faɗuwa jarrabawa za su ragu. Da Roy Baumeister da abokansa suka tattara binciken da aka yi suka duba a 2003, sai suka ga galibi yaro yana jin ƙimar kansa ne saboda ya ci jarrabawa, jin ƙimar ba shi ke ci masa ba.

Akwai masu jin wannan suka sai su yi murna, su ce dama mun faɗa, me Musulmi Bahaushe zai yi da littafin Nasara alhali yana da haƙuri da tawakkali? Da su ma ina da magana. A 1974 Anthony Kirk-Greene ya buga nazarinsa a kan mutumin kirki a wurin Hausawa, ya lissafo halaye goma: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Jeri ne mai kyau, amma a sake duba shi. Kusan dukansu suna bayanin yadda za ka zauna da wasu ne. Yadda mutum zai zauna da kansa bayan ya faɗi, bayan an sake ta, bayan ya karye a kasuwa, tarbiyyarmu ba ta cika tsayawa a kai ba. Haƙurin ma sau da yawa mun mai da shi murfin tukunya. Mace ta zo gida da kumburarren ido, kalmar farko da za ta ji daga uwa da gwaggo ita ce yi haƙuri, ta biyu kuma koma ɗakinki. Wanda ya ce yana cikin damuwar da ta hana shi barci, sai a ce imaninsa ne ya yi rauni, wanda in an duba da kyau ɗan uwan hukuncin Louise Hay ne, an dai canza masa riga. Addinin kansa bai ce haka ba. Labarin Salmanul Farisi da Abud Darda'i sananne ne, inda ya tarar da ɗan uwansa ya hana kansa barci da abinci saboda ibada, ya tunatar da shi cewa kansa ma yana da hakki a kansa, Annabi (SAW) kuma ya gaskata shi. Amma sau nawa aka gina huɗuba a kan wannan domin bazawarar da ke ganin ita ce annobar gidansu? Gurbin nan da muka bari shi masu shimfiɗa a bakin kasuwa ke cikewa, kuma ba zan ga laifin wadda ta je ta saya ba.

Cikin abin da na karanta a wannan fanni, wanda ya fi jure fassara shi ne na Kristin Neff ta jami'ar Texas, wanda ya fito a 2011. Ita ba ta ce mutum ya gaya wa kansa shi gwani ne ba. Ta ce in ka yi kuskure ka yi wa kanka maganar da za ka yi wa amininka in shi ne ya yi, ka tuna ba a kanka aka fara ba, kuma ka kalli ciwon yadda yake, ban da ɓoyewa ban da kururutawa. Ba ta ɓoye cewa daga koyarwar addinin Buddha ta ɗauko tushen ba, wannan ma gaskiya ce da ta fi ta sauran. Abin da ya sa nata ya tsaya shi ne bai buƙatar ƙarya. Mai sikila za ta iya aiki da shi ba tare da ta musanta jininta ba, wanda ya faɗi jarrabawa zai iya ba tare da ya ce ya ci ba. Kuma bai yi wa kowa alƙawarin mota ba, shi ya sa ban cika ganin sa a shimfiɗa ba.

Akwai kuma hanyar da Shehu Muhammad al-Gazali na Masar, wanda ya rasu a 1996, ya bi. Ya karanta fassarar Larabci ta littafin Carnegie na 1948 a kan barin damuwa, bai ƙone shi ba bai kuma haɗiye shi ɗungurungum ba. Ya zauna ya rubuta Jaddid Hayataka, yana ɗauko batun Carnegie ɗaya bayan ɗaya yana auna shi da Alƙur'ani da hadisi da rayuwar magabata. La Tahzan na A'id al-Ƙarni, wanda ɗalibanmu na Islamiyya suka fi sani, yana da sanyaya zuciya, sai dai tarin gutsattsari ne, ka buɗe ko'ina ka karanta, ba ya ɗaukar matsala guda ya bi ta har gindinta. Irin aikin al-Gazali nake jiran wani ya yi da Hausa, da misalan gidajenmu: gori, kishi, zaman jiran aiki, ɗan da aka tura ci-rani ya dawo hannu biyu. Marubutanmu na ƙagaggun labarai sun daɗe suna zana waɗannan raunuka, saura mai zama ya yi musu bayani kai tsaye.

Wanda zai yi wannan aiki zai fara cin karo da kalma, kamar yadda nake ci kowane mako. Na jima ina amfani da tausaya wa kai, sai masu saurare maza suka ce tana musu kama da zaman kuka da langaɓewa, kuma suna da hujja, don in aka ce wane yana jin tausayin kansa ba a nufin zai tashi ya yi wani abu. Mutunta kai kuma ta fi karkata ga yadda za ka bayyana a idon jama'a. Wani dattijo da ke kira daga wajen Tasawa ya ba da shawarar a ce yi wa kai adalci. Hujjarsa ita ce alƙali adali ba ya wanke mai laifi, ba ya kuma ɗaure mutum a kan abin da wani ya aikata, kuma ba ya yanke hukunci sau biyu a kan laifi guda. Na gwada ta a kan babin farko na Hay ta zauna daram. Na gwada ta a kan na Neff, nan ma ta shiga. Da na kai ta kan darasin madubi sai ta fara cijewa, a kan jadawalin cututtuka da littafin Byrne kuwa ko jimla ɗaya ba ta yarda ta ɗauka ba. Ita nake amfani da ita a shirin yanzu, duk da wata malamar makaranta daga Gaya ta kira ta ce kalmar ta yi mata sanyi da yawa, ba ta jin ɗumin uwa a cikinta, kuma mutumin da ya faɗi yana buƙatar a rungume shi kafin a karanta masa hukunci.